Na yi odar ƙwallon zamanin 1899: ƙwallon ta yi, hular kuwa a kai kasuwa

Sati uku da 'yan kwanaki ina zaman jiran kwalin nan, alhali su a shafinsu kwana goma suka rubuta, har na fara tunanin ko dai an yi min sakiyar da ba ruwa ne, sai ga shi ranar wata Talata da yamma an ajiye min a bakin ƙofa, gefe ɗaya ya lotsa kamar an zauna a kai. Ba zan kama sunan shagon ba, wani ɗan ƙaramin shago ne na intanet a Amurka da ke ɗinka kayan wasannin dā, wato su kwaikwayi yadda abin yake shekaru ɗari baya su yi maka sabo. Abin da na saya saiti ne na abu huɗu: ƙwallo ta fata, rigar ulu mai dogon hannu launin shunayya, hular kwano ta fata, sai wani kati mai kauri da aka buga tarihin tim ɗin a jiki. Dala ɗari da 'yan kai na biya har da kuɗin aike, kuma gaskiya tun yanzu in faɗa muku, da ƙwallon kaɗai suka sayar min a rabin kuɗin da na fi murna.

Kafin wani ya tambaya, ba ƙwallon ƙafa tamu ta bugu da ƙafa nake nufi ba, wannan ta Amurkawa ce mai kama da ƙwai wadda ake runguma a ruga da gudu ƙarti su bi ka su danne. Tim ɗin da aka yi saitin dominsa kuwa shi ne na Sewanee, wata 'yar jami'a ta cocin Episcopal da ke can saman tsauni a jihar Tenesi, sunanta na takarda University of the South. A 1899 ɗalibanta duka-duka ɗari uku ne da 'yan kai, amma a kakar wasan shekarar sun buga wasa 12 sun cinye 12, suka tara maki 322, aka zura musu 10 kacal, kuma goman nan ma duk a wasa ɗaya aka ci su. Tun ranar da na fara cin karo da labarin nan ya ƙi fita daga raina, shi ya sa da na ga tallan kayan ban tsaya dogon lissafi ba na danna.

To mu fara da ƙwallon, don ita ce ta riƙe mutuncin kwalin gaba ɗaya. Kana buɗe ledar warin fata zai fara yi maka sallama, fata ta gaske ba roba da aka shafa wa kala ba, ruwan ƙasa mai duhu, gida huɗu aka haɗa, ɗinkin ya zauna daram babu zare ko ɗaya da ya leƙo. Igiyar bakin ma ta fata ce mai kauri, in ka shafa da yatsa kana jin tudunta. Babban abin dai shi ne siffarta. Wanda ya saba ganin ƙwallon da ake bugawa yau siririya mai tsinin baki biyu, in ya ga wannan zai ce kankana ce aka yi wa riga, kuma da ma haka masu tara tsofaffin kaya suke kiran irinta, kankana. Ƙatuwa ce, cikinta ya buɗe, bakinta a dakushe, hannuna dai ba ƙarami ba ne amma na kasa damƙe ta da hannu ɗaya, sai ta zame ta faɗi.

Ran Asabar na ɗauke ta muka je wani fili ni da wani abokina, shi ya ɗan taɓa wasan nan a makaranta kuma yana ji da hannunsa wajen jifa. Ya karɓa ya jujjuya ta ya ce, "Malam wannan kuma daga wane gidan tarihi ka sato ta?" Na ce kai dai jefo min. Ya ja baya ya saita yatsunsa a kan igiyar yadda ya saba, ya saki, wallahi ƙwallon nan sai ta tashi tana tangal-tangal a iska kamar agwagwar da aka harba, ko rabin tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai ba ta faɗi ta yi tsalle gefe. Ya sake, haka. Sau biyar yana gwadawa yana tsaki, daga baya ya ce, "Mutumina, ba a yi wannan don jifa ba." Na ce ai ka faɗi gaskiyar magana ba tare da ka sani ba, domin a 1899 jefa ƙwallo gaba haramun ne a dokar wasan, sai 1906 aka halatta shi, bayan kakar 1905 da aka yi ta mutuwa a fili har sai da shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira manyan makarantu ya ja musu kunne. Ita ma ƙwallon a hankali aka riƙa rage mata ƙiba, sai wajen 1934 ta koma siririya irin wadda muka sani.

Amma da muka juya muka gwada bugu da ƙafa, nan ta nuna mana ko ita wace ce. Irin bugun nan da za ka saki ƙwallo ta taɓa ƙasa, tana ɗagowa ka ɗauke ta da ƙafa, da ta zamani in ka gwada sai ta yi maka tsalle inda ta ga dama saboda tsinin bakinta, wannan kuwa tana dira tana dawowa saitin ƙafarka kamar an aike ta. Ni da ban iya komai ba sai da na ɗaga ta sama har abokin nawa ya yi min tafi. Sannan in ka rungume ta a ƙirji da hannu biyu ka sunkuyar da kai, sai ka ji ta cika maka ciki, nan take za ka gane wasan mutanen nan ba na tsere da fasin ba ne, wasan turereniya ne, a dunƙule wuri ɗaya a yi ta tura mai ƙwallo ta baya ana jan sa ta gaba har a samu yadi biyar cikin gwaji uku, don dokar lokacin ke nan, ba yadi goma cikin gwaji huɗu irin na yau ba. Na karanta wannan dokar sau ba adadi amma ban fahimce ta ba sai da na riƙe abin a hannuna. Wannan kaɗai ya biya ni.

Ƙorafina a kanta ɗaya ne kuma ƙarami. Sun saka mata bawul irin na zamani a gefe, ɗan baƙin rami na allurar famfo, alhali na ainihi sai an kwance igiya an hura robar ciki an ɗaure bakinta an cusa sannan a sake ɗaure igiyar. Na san don sauƙin mai saye suka yi, ba wanda ke son zaman kwance igiya duk sati, to amma da sun ɓoye shi ƙarƙashin igiyar mana, yana nan tsirara kamar tabo a goshi. Kuma tana sace iska, duk bayan kwana biyar ko shida sai na ƙara mata.

Sai katin tarihi, inda raina ya fara ɓaci. Takardar mai kyau ce, sun yi mata kalar tsufa, sun jera sakamakon wasannin daidai: Jojiya 12-0, Jojiya Tek 32-0, Tenesi 46-0, Southwestern Presbyterian 54-0, har zuwa ƙarshe. Amma a ƙasa wajen bayanin dokoki sai suka rubuta wai tacdawun, wato kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya, maki shida ne. Haba jama'a. A 1899 maki biyar ne, bugun da ke biyo bayansa maki ɗaya, bugun da ake yi daga cikin fili a cilla ta saman sandar raga shi ma biyar. Sai 1912 tacdawun ya koma shida, a shekarar ne kuma aka rage tsawon fili daga yadi 110 zuwa 100 aka ƙara gwaji na huɗu. Abin haushin, lissafin da zai ƙaryata su yana nan a jikin katin nasu. Wasan Auburn an tashi 11 da 10, wato kowa ya kai ƙwallo sau biyu, Sewanee suka ci bugun ƙari ɗaya, Auburn ba su ci ko ɗaya ba, biyar da biyar da ɗaya. Wasan ƙarshe da North Carolina a Atlanta an tashi 5-0, bugu ɗaya tak da ƙafa ya raba gardama. Wanda zai karɓi kuɗin mutane da sunan tarihi ai ya kamata ya iya wannan ɗan ƙaramin haɗi.

Ita tafiyar da ta sa ake tunawa da su kuwa layi biyu kawai suka ba ta a katin, wai "wasa biyar cikin kwana shida", shi ke nan, ba su ce me ya jawo ba, ba su ce wa ya haɗa ba. To bari ni in cike musu. Manajan tim ɗin ɗalibi ne ɗan shekara ashirin mai suna Luke Lea, kuma abin da ya faru shi ne sun samu saɓani da jami'ar Vanderbilt a kan rabon kuɗin ƙofa, wasan da ya fi kawo musu kuɗi duk shekara ya rushe, shi ne yaron nan ya zauna ya haɗa musu wata tafiyar da mai hankali ba zai sa hannu a kanta ba, don a cike giɓin aljihu. Suka hau jirgin ƙasa, tafiyar da ta kai mil 2,500 zuwa da dawowa, wajen kilomita dubu huɗu ke nan. Alhamis 9 ga Nuwamba suka doke Teksas 12-0 a Austin. Juma'a suka doke Texas A&M 10-0 a Houston. Asabar Tulane 23-0 a New Orleans. Lahadi aka huta, makarantar coci ce ba a wasa ran Lahadi. Litinin LSU, wato jami'ar jihar Louisiana, 34-0 a Baton Rouge, Talata 14 ga wata Ole Miss, wato jami'ar Mississippi, 12-0 a Memphis. Maki 91 da babu, kuma yawancin kwanan a tarago ake yin sa tsakanin gari da gari, ka fito daga fili jikinka duk ciwo ka kwanta jirgi yana jijjiga ka, gari ya waye a ce ga wasu ƙartin can suna jira. Kuma ku tuna a dokar lokacin in aka cire ka daga wasa ba ka dawowa, babu wani tim na kai hari daban na tsaron gida daban, mutanen da suka fara su ne za su ƙarasa sai dai in ƙashi ya karye. Ko sati ba su cika da dawowa gida ba suka sake lallasa Cumberland 71-0.

Shi Luke Lea ɗin ma labarinsa abin a zauna ne, in ɗan kauce kaɗan. Shi ya kafa jaridar Tennessean ta Nashville a 1907, ya zama sanata a 1911 yana ɗan shekara 31, bayan yaƙin duniya na ɗaya a farkon 1919 ya kwashi wasu sojoji suka tsallaka Holan wai za su ɗauko Kaiser Wilhelm, tsohon sarkin Jamus, daga inda ya fake, abin bai yiwu ba, daga baya kuma ya yi zaman kurkuku a kan badaƙalar banki kafin a yi masa afuwa. In ka ji wannan sai ka ce to lallai, irin mutumin da zai haɗa wasa biyar cikin kwana shida ke nan.

Abin da ya fi ci min rai a katin shi ne sunayen. Sun sa koci Billy Suter, sun sa kyaftin Henry Seibels wanda ake kira Diddy, sun sa Ormond Simkins, duk daidai ne sun cancanta. Amma babu Cal Burrows, baƙar fatan da ya bi su tafiyar yana yi musu tausa, shi ne in kowa ya kwanta yake bin su ɗaya bayan ɗaya yana murza musu ƙafafu da kafaɗu don su iya miƙewa gobe. Jikin da aka yi wa wannan dukan kwana uku a jere ba ya tashi da kansa. Kudancin Amurka ne na 1899, mutum irinsa ba shi da damar zama ɗalibi a makarantar balle ya saka rigar, to amma shagon nan a wannan zamanin suke buga katinsu, kuma akwai fili fari fes a ƙasan takardar da zai ɗauki sunansa har sau goma.

Wani abu kuma, sun rubuta da manyan baƙaƙe wai tim mafi ƙarfi a tarihin duniya. Ni masoyinsu ne amma a daina cika baki. Sunayen Teksas da LSU yau suna da girma, a wancan lokacin wasan bai daɗe da isa kudu ba, Tulane ma ko wasa ɗaya ba su ci ba a shekarar. Manyan dawa suna gabas, su Harvard da Yale da Princeton, kuma Sewanee ba su haɗu da ko ɗayansu ba. Zakarun kudu ne, wannan ba gardama. Da suka gamu da tim mai koci na gaske, wato Auburn ta John Heisman, a Montgomery ranar 30 ga Nuwamba, da ƙyar da jiɓin goshi suka sha da maki ɗaya, wasan ma ba a kai ƙarshen lokacinsa ba duhu ya sa aka tashi, ga 'yan kallo suna ta kutsowa cikin fili. Abin mamakin tafiyar juriya ce, kuma juriyar ta ishe su ado ba sai an ƙara mata gishiri ba.

Rigar kuma tsaka-tsaki ce. Ulu ne na gaske, mai nauyi, wuyanta a tsuke, babu lamba a baya kuma haka ya kamata don lokacin ba a fara saka lamba ba, nan na ba su maki. Na saka ta na yi 'yar zagayen fili sau biyu, kafin in dawo ta jiƙe ta manne min a baya, ga ƙaiƙayi a wuya da hammata kamar an zuba min ƙaiƙayin gero, sai na tsaya ina tunanin mutumin da zai cire irin wannan a jiƙe da daddare ya rataye a tarago, da rana ya sake zura ta ba ta gama bushewa ba. Matsalarta sayis. Babba na yi oda amma ta kama ni kamar matsakaiciya, kuma babu ko 'yar takardar da ta ce ga yadda ake wanke ta, ni kuma da gangancina na jefa ta inji da ruwan ɗumi, ta fito ta koma ta yaro ɗan shekara goma sha biyu. Rabin laifin nawa ne na yarda, ulu ba a yi masa haka, amma layi ɗaya na gargaɗi ai ba zai talauta su ba. In kun saya ku ƙara sayis ɗaya, ku wanke da hannu a ruwan sanyi, ku shimfiɗa ta a ƙasa ta bushe kar ku rataye.

Hular kuwa, hmm. A hoto fata ce mai sheƙi, a hannu wata roba ce mai warin gam, cikinta soso ne irin na kujera, igiyar haɓar ta tsinke ranar farko da na ja ta. Ko da ta yi kyau ma ba ta zamanin ba ce, siffarta ta shekarun 1920 zuwa 1930 ce. 'Yan wasan 1899 yawancinsu kai tsirara suke shiga fili, gashi suke tarawa ya yi musu katifa, wasu su ɗaura wata robar kare hanci da ake riƙewa da haƙori, kuma ba a wajabta hula a wasan jami'o'i ba sai 1939. Da robar hancin suka saka a saitin da na ce sun san abin da suke yi. Kuma don Allah kar wani ya ba yaro wannan hular ya ce ya je ya yi karo da ita, ba ta tare komai, ado ce kawai, adon ma bai yi ba.

Na tura musu imel a kan hular da kuma kuskuren katin. Kwana huɗu shiru, na sake turawa, sannan wata mata ta amsa, kuma gaskiya ta yi magana cikin mutunci, ta ba ni haƙuri ta ce hular ba su suke ɗinka ta ba sarowa suke yi, ƙwallon da rigar ne aikin hannunsu, wanda da ma kana taɓawa za ka gane hannu biyu ne daban. Ta maido min da wani ɓangare na kuɗin ba tare da ta ce in aika hular ba. Batun maki shida kuwa ta ce za ta nuna wa mai shagon, na ce in ana gyarawa a taimaka a saka sunan Burrows, ta ce ta rubuta.

Wanda yake son abin ajiyewa a kanta ko malamin da ke son nuna wa ɗalibai yadda wasan yake kafin a fara jifa, ya tambaye su ko za su sayar masa da ƙwallon ita kaɗai, na ga alamar suna yi in ka yi magana. Wanda kuma yake neman ƙwallon da yara za su riƙa jefe-jefe da ita a tsakar gida, ya nemi ta zamani mai araha, wannan za ta ba shi haushi kawai. Ita Sewanee ɗin tana nan har yau tana buga wasanta a rukuni na uku na jami'o'i, inda ba a ba ɗan wasa tallafin karatu don ƙwallo. Tana cikin waɗanda suka kafa gasar SEC ta jami'o'in kudu maso gabashin Amurka a farkon shekarun 1930 tare da su LSU da Auburn ɗin da ta taɓa dokewa, ta buga wasan gasar 37 ba ta ci ko ɗaya ba, ta tattara ta fita a 1940.

Katin yana nan jingine a bayan ƙwallon a kan kantata, na sa biro na soke shidan na rubuta biyar, na ƙara sunan Cal Burrows a ƙasan na Simkins. Wata biyu ke nan da maganarmu da matar, jiya na leƙa shafin nasu na zuƙo hoton katin, har yanzu shida ne.